Usur kaɗai ba ya ceton yaron da ba ya ji

A watan Oktoban 2013 wani yaro ɗan shekara 14 mai lalurar galahanga, wanda ba ya magana, ya sulale daga makarantarsa a birnin New York. Wata uku ana cigiya, sai a Janairun 2014 aka tsinci gawarsa a gaɓar kogi. Mutuwarsa na cikin abin da ya sa Amurka ta yi doka a 2018 don taimaka wa iyalan yaran da kan fice daga gida ba tare da sanin kowa ba.

Da yawa daga cikin irin waɗannan yara ruwa na jan hankalinsu, kuma ba su san haɗarinsa ba. Binciken Jami'ar Columbia na 2017 ya nuna cewa haɗarin mutuwa a ruwa ga yaro mai galahanga ya ninka na sauran yara sau 160. Mai farfaɗiya ma yana cikin sahun, don idan ciwon ya buge shi a cikin ruwa, ko wanda bai kai gwiwa ba ya isa ya kashe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Mai tsaron masu iyo an horar da shi ya hura usur, ya daka tsawa, ya nuna hannu. To, kurma bai ji usur ɗin ba. Mai galahanga kuwa tsawar na iya firgita shi ya ƙara nausawa cikin zurfi, kuma idan aka cafke shi ba zato yakan yi kokawa da mai cetonsa. Ga shi nutsewa ba ta zuwa da ihu irin na fim. Yaro yakan yi ƙasa shiru, cikin daƙiƙoƙi, mutane na hira a kusa da shi. Mai tsaron da ya san aikinsa tun a bakin ƙofa yake tambayar uwa: yaron nan yana ji? Yana faɗuwa? Me ke kwantar masa da hankali? Yakan durƙusa su haɗa ido, ya yi magana a gajarce, ya nuna hoto ko alama. Wannan ilimi bai fi ƙarfin kowane mai horarwa ba, kuma rashinsa sakaci ne.

Wasu sun daɗe da gane haka. A 1949 James McMillan ya fara koyar da 'yan mata masu naƙasa iyo a makarantar Halliwick da ke Landan, kuma har yau ana amfani da tsarinsa a ƙasashe da dama. A Ostareliya, ƙungiyar masu ceto ta garin Anglesea ta ƙirƙiro shirin Starfish Nippers, inda kowane yaro mai buƙata ta musamman ke samun mai kula da shi a bakin teku, yana koyon yadda ake shawagi a kan ruwa da yadda ake neman agaji. Ribar ta wuce tsira da rai. Yaron da ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa a tudu yakan motsa son ransa a ruwa, iyayen da suka saba kulle ƙofa kuma su sami sa'ida.

A Arewa ba teku, amma akwai kududdufai da rafuka da madatsun ruwa, kuma kowace damina ana jin jami'an kashe gobara na Kano sun tsamo gawar yaro. Abin takaici, mai farfaɗiya shi ne wanda ake gudu idan ya faɗi, saboda camfin cewa ana ɗaukar ciwon. Ba a ɗauka.

Masana ruwa kuwa ba a rasa su ba: ga masunta, ga sarakunan ruwa a Yawuri da Argungu. Gwamnatocin jihohi su ɗauki matasa daga cikinsu, a koya musu farfaɗo da numfashi da mu'amala da yara masu lalura, a ajiye su a wuraren da yara ke wanka. Otal ɗin da ke da wurin ninkaya kuma kada a sabunta masa lasisi sai ya nuna mai tsaron da ya sami wannan horo.