Wa Zai Tsaya wa Mai Shago a Gaban Mai Haraji?

Akwai maganar da ta kama bakin mutane, har da masu ilimi, wai mai gaskiya ba ya buƙatar wakili a gaban jami'in haraji. Ƙarya ce mai daɗin ji, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ne yake ɗanɗana kuɗarta.

A dubi mai shagon kayan masarufi a Minanata. Takardar ƙiyasin haraji ta iso masa cikin Turancin shari'a, shi kuwa lissafinsa rabi yana littafin bashi da ajami, rabi yana ka. Doka ta ba shi kwana 30 ya rubuta ƙorafi. In wa'adin ya cika bai motsa ba, adadin ya hau kansa, ko da ya zarce ribarsa ta shekara. Ina amfanin gaskiyar da mai ita bai san ranar da za a rufe mata ƙofa ba?

Za a ce ai akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda dokar 2007 ta kafa, kuma ta yarda lauya ko akanta ya tsaya wa mai ƙara. Haka ne. Sai dai mazauninta na Arewa maso Yamma yana Kaduna, tafiyar yini guda daga Sakkwato. Babban kamfani yana da ƙwararrun da za su je a madadinsa; mai shago sai ya kulle shagonsa. Shi ya sa yake zaɓar “a sasanta” a bayan kanta, kuɗin da ba rasit, ba su kuma shiga baitulmali. Gwamnati ma ta yi asara ke nan.

Abin kunya ne a ce wannan na faruwa a birnin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan zamaninsa.

Dokokin harajin da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun ƙirƙiro ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Madalla, amma koke ma sai da mai tsara shi. Cibiyar ƙwararrun haraji ta ƙasa, wadda take nan tun 1982, ta wajabta wa mambobinta wasu awanni na aikin kyauta. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta aiko ɗalibanta unguwanni ƙarƙashin kulawar malamansu. Hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha kuwa ta buga wa'adin nan na kwana 30 da Hausa, da boko da ajami, a goshin kowace takardar ƙiyasi.