Karatun Jinya da Bashi: A Yi Lissafi Tun da Wuri

Ya 'yan'uwa Musulmi, samar da mata ma'aikatan jinya farilla ce ta kifaya a kanmu, domin matanmu na Gwandu da Kalgo sun fi cancantar 'yar'uwarsu mace ta duba su a ɗakin haihuwa. Amma farillar ba ta halatta riba ba. Abin takaici, wasu iyaye suna cin bashin banki mai ruwa don kai 'ya'yansu makarantun kuɗi, wai gobe za su tafi Ingila su kwaso fam.

Dokar lamunin ɗalibai ta 2024 ta kafa asusun NELFUND don makarantun gwamnati, irin Jami'ar Tarayya da ke Kalgo. Babu ruwa a cikinsa, ana fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Wannan ya fi tsarki, amma bashi ne. Ɗalibar da ta karɓi N20,000 duk wata har shekara 5 na digirin jinya, ta ɗauki N1,200,000, ban da kuɗin makaranta. A ƙaddara albashinta N100,000 ne: shekara 10 tana biya.

Mu tuna Manzon Allah (SAW) ya ƙi sallatar gawar mai bashi sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyinsa. Ra'ayina, kwamitocin zakka na rassanmu su ɗauki nauyin 'ya'yan talakawa, attajiranmu kuma su kafa wakafi, yarinyar ta dawo ta yi wa garinta aiki.