Ranar Jabu a Cikin Ɗaki

A biranen Kanada da Jamus da wasu jihohin Amurka akwai wani irin shago da baƙo zai ɗauka na kayan lambu ne. Ba a sayar da tabar wiwi a cikinsa. Abin da ke jere a kan kanta shi ne fitilu masu tsananin haske, da fankoki, da ƙananan tantuna masu zif waɗanda aka lulluɓe cikinsu da ƙyalle mai walƙiya, da kwalaben taki launi-launi sai ka ce lemon kwalba. Wanda ya shigo karon farko da niyyar shuka 'yan tushen da dokar ƙasarsa ta yarje masa, tambayoyi biyu yake riƙe da su: wace fitila zan saya, kuma wane taki? Mai shago yana da amsa, amsar kuma ba ta arha ba ce. Tambayar da ba a yi a wannan shago ita ce tawa: me ya shigar da tsiro ɗaki tun farko, alhali ga rana can a waje ba ta karɓar ko sisi?

Bari in share fage tukuna. Shuka wiwi laifi ne a Nijeriya da Nijar, kuma ba ni cikin masu kiran a halatta ta. Rigimata da wata sana'a ce da ke tallar kanta a matsayin noman zamani mai tsabta, mai ƙaunar muhalli, alhali ita ce ɗaya daga cikin hanyoyin noma mafi almubazzaranci da ɗan Adam ya taɓa ƙirƙirowa.

Ƙarnuka masu yawa a fili ake noma wannan tsiro, daga Asiya ta Tsakiya da Indiya zuwa tsaunukan Rif na Maroko da gonakin Meziko. Ba sanyi ne ya kore shi zuwa ɗaki ba, kuma ba binciken malaman aikin gona ba ne. Tsoron hukuma ne. A 1983, zamanin Shugaba Reagan, jihar Kalifoniya ta ƙaddamar da farmakin da ake shawagi da jirage masu saukar ungulu a kan tsaunukan arewacin jihar ana neman gonakin wiwi daga sama. Manoma suka ga gona ta zama tonon asiri, sai suka koma gareji da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, suka ari fitilun da aka ƙera domin haska tituna da filayen wasa suka rataya a kan tukwane. Hukuma ta biyo su: a 1989 jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi na tarayya suka kai samame shagunan da ke sayar da waɗannan kaya, suka kwashe sunayen masu saye. Har Kotun Ƙolin Amurka maganar ta kai a 2001, a shari'ar wani mutumin jihar Oregon mai suna Kyllo, wanda jami'ai suka auna zafin da ke fita daga rufin gidansa da na'ura suka gane akwai fitilu a ciki. Kotu ta ce yin haka ba tare da takardar izinin bincike ba ya saɓa wa tsarin mulki. A lura da abin da ya tona shi: zafi. Za mu dawo kansa.

To, noman ɗaki dabarar ɓuya ce, kuma a matsayin dabarar ɓuya yana da ma'ana. Mai laifi ba ya lissafin kuɗin wuta, lissafin shekarun kurkuku yake yi. Abin mamaki shi ne abin da ya faru bayan an ɗage haramcin. Masu zaɓe a Kolorado sun halatta wiwi a 2012. Kanada ta bi a ranar 17 ga Oktoba, 2018, da izinin tushe huɗu ga kowane gida. Jamus ta yarje tushe uku ga kowane baligi daga 1 ga Afrilu, 2024. Dalilin ɓuya ya kau, amma ɗakin bai buɗe ba. Dokar Kolorado kanta ta ce shukar gida sai a rufaffen wuri mai kulle, inda idon jama'a ba zai gani ba. Mafi muni, har yanzu dokar tarayyar Amurka ba ta yarda a ƙetara da wiwi daga wata jiha zuwa wata ba, don haka kowace jiha dole ta noma nata. Ga Kalifoniya da rana a yalwace, amma Masacusets da Mishigan, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni, sai sun gina rumbunan ƙarfe sun kunna wa tsiro ranar jabu. A ce an hana kai tumatirin Kadawa zuwa Legas, an ce Legas ta noma nata a cikin sito da janareto. Duk wanda ya kawo wannan shawara sai a duba lafiyarsa.

Ga kuɗin da ake biya. A 2012 wani masanin makamashi mai suna Evan Mills ya wallafa ƙiyasin cewa noman wiwi a ɗaki yana lashe kusan kashi 1 cikin 100 na dukkan wutar lantarkin Amurka, abin da ya kai dala biliyan 6 a shekara. Ya ce naɗi ɗaya na wannan taba daidai yake da barin ƙwan fitila mai wat 100 a kunne tsawon awa 25. A 2021 masu bincike a Jami'ar Jihar Kolorado suka sake auna lamarin, suka gano cewa kowane kilo ɗaya na busasshen furen wiwi da aka noma a ɗaki yana jawo fitar iskar kabon tsakanin kilo 2,283 zuwa 5,184, gwargwadon garin da aka noma shi. Kilo ɗaya na taba, tan biyu zuwa biyar na iska mai ɗumama duniya.

Wani zai ce laifin tsofaffin fitilu ne, yanzu ga na LED masu cin wuta kaɗan. Gaskiya ne sun fi, kuma ba ƙaramin ci gaba ba ne: fasahar da ta haife su ce ta samar wa Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel ta 2014, inda aka yi ta fatan za ta haskaka gidajen talakawan da wutar gwamnati ba ta isa gare su ba. Sai dai binciken na Kolorado ya nuna cewa ba fitila ce ta fi cin wuta ba. Wanda ya toshe rana da iska ya ɗauki nauyin yin aikinsu duka. Fitila tana kawo zafi, sai a kunna na'urar sanyaya ɗaki. Ganye yana fitar da danshi, sai a kunna na'urar tsotse danshi, in ba haka ba fure ya yi funfuna. Iska ta gurɓata, sai a fitar da ita a shigo da sabuwa, a sake ɗumama ta ko a sanyaya ta. A manyan rumbuna har iskar kabon ake saye a silinda ana fesa wa tsiron. Kowane magani yana haifar da sabuwar cuta, kowace cuta kuma da na'urarta a kan kantar mai shago. Tsohuwar fitila guda mai wat 1,000, in ta yi awa 12 a kunne, ta cinye yunit 12 ke nan a rana. Duk mai loda mita a gidansa ya san ma'anar wannan adadi, kuma ba a kai ga fanka ba tukuna.

Batun taki ya fi ba ni dariya. Abincin tsiro sananne ne: naitirojin da fosfaros da fotasiyam, haruffa ukun nan na buhun NPK, sai 'yan ƙananan sinadarai. Wiwi ba ta zo da wani sabon ciki ba. Amma da yake mai noman ɗaki sau da yawa ya rabu da ƙasa, yana shuka a ɓawon kwakwa ko a ruwa zalla, dole ya sayi duk abin da ƙasa ke bayarwa kyauta. Sai aka rarraba masa gishirin nan a kwalabe, wannan ta girma, wannan ta fure, wannan ta saiwa, wannan ta ƙamshi, aka liƙa wa kowace suna mai ban tsoro da jadawali. Mafi yawan nauyin kwalbar ruwa ne. Manyan 'yan kasuwa sun hango wannan tun da wuri. Kamfanin Scotts Miracle-Gro, wanda aka sani da takin ciyawar ƙofar gida, ya sayi General Hydroponics a 2015, ya shiga kamfanin fitilu na Gavita na ƙasar Holan a 2016, sannan ya sayi Sunlight Supply a 2018 a kan dala miliyan 450, duk ba tare da ya shuka tushe ɗaya ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kurar kuwa ta sha bugu. Kamfanonin Kanada sun gina rumbuna fiye da abin da kasuwa za ta iya sha, farashi ya faɗi, aka riƙa lalata ɗaruruwan tan na tabar da ba ta sami mai saye ba. Canopy Growth, wanda ya mayar da tsohuwar masana'antar cakulan ta Hershey a garin Smiths Falls cibiyarsa, ya sallami ɗaruruwan ma'aikata a 2023 ya kuma sayar wa Hershey ginin. Daga baya har gardin ma ya ji jiki, domin wanda ya karye ba ya sayen fitila.

Hujja mafi ƙarfi da masu kare noman ɗaki ke da ita ita ce inganci: girbi sau da yawa a shekara, babu ƙura, babu ɓarawo, kuma kowane girbi kamar na baya. Ga maganin asibiti, inda ake buƙatar awo tabbatacce, na karɓi wannan hujja, kodayake rumfar gilashi mai shigar da hasken rana tana biyan mafi yawan buƙatar. Amma a kasuwar nishaɗi, me ake nufi da inganci? Ƙarfin bugarwa. Zaɓen iri da noman ɗaki sun taru sun ɗaga sinadarin THC a samfuran da hukumomin Amurka ke kamawa daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan 12 a 2014. Binciken da Marta Di Forti ta jagoranta, wanda ya fito a mujallar Lancet Psychiatry a 2019, ya gano cewa masu shan mai ƙarfi kullum haɗarin taɓin hankalinsu ya kusa ninka na waɗanda ba su taɓa sha ba sau biyar. Wato ana ƙona gawayi da iskar gas domin a samar da abin da ya fi cutarwa, sannan a kira shi inganci.

Nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Binciken amfani da ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya da mutum miliyan 10.6, kuma hukumar NDLEA ta sha sanar da kama nau'in da ake kira Loud a tashoshin ruwan Legas, an ɓoye shi a cikin motocin da aka yo oda daga Kanada. A gefe guda Lesoto ta fara ba da lasisin noman wiwi na magani a 2017, Maroko ta yi dokarta a 2021, marigayi Gwamna Akeredolu na Ondo kuma ya je Tailan a 2019 ya dawo yana kiran Nijeriya ta shiga kasuwar. Muhawarar za ta sake tasowa, da masu zuba jari da hotunan rumbuna masu ƙyalli. Ƙasar da ke raba wutar da ba kasafai take wuce megawat dubu biyar ba ga mutane fiye da miliyan ɗari biyu, ya kamata ta buƙaci a rubuta mata adadin megawat ɗin da kowane rumbu zai ci, da sunan unguwar da za a ɗauke wa wuta domin a kunna shi.