Ra'ayinmu: Biskit ɗin Kirsimati da Kwanon Maƙwabci

Kirsimati ta matso, kuma a gidajenmu da yawa iyaye mata sun fara zancen biskit na hatsin ot, wanda muka fi sani a gwangwanin Quaker Oats. Hatsin ƙasashen sanyi ne, irin su Kanada da Sikotland, shi ya sa yake da tsada a kasuwanninmu.

Haɗin ba wuya. Kofi 2 na ot, kofi 1 na fulawa, rabin kofi na sukari, bota, ƙwai ɗaya da ɗan bekin fauda. Sai kirfa da citta, da kanumfari kaɗan, domin idan ya yi yawa yakan danne sauran. Wadda ba ta da obin ta zuba yashi a babbar tukunya, ta ɗora kan gawayi. Minti 15 ya isa.

Abin da ya dame mu shi ne gasar nuna isa. Mun ga iyalin da suka ci bashi don tebur ya cika, Janairu ya zo babu kuɗin makarantar yara. Dattawa, ku yi magana a kan wannan tun kafin biki. Ai cincin bai yi wa kowa laifi ba.

Muna roƙon zumuntar mata su haɗa kuɗi su gasa tare a harabar ikilisiya. Kason farko na gwauraye da marayu ne. Na biyu na maƙwabtanmu Musulmi da suka aiko mana da nama a Babbar Sallah. Yara su kai musu da sassafe, kafin sujada.