Ƙashi Yana da Rai, Kwalbar Magani Ba Ta Gina Shi

Tun watan Yunin 2024 da Ƙungiyar Likitocin Hormon ta Amurka ta fitar da matsayarta, cewa babu dalilin yi wa lafiyayyun mutane gwajin bitamin D haka siddan, kuma baligi lafiyayye da bai kai shekara 75 ba ba ya buƙatar ƙari a kan abin da aka ƙayyade wa kowa a kullum, kwalaben bitamin D da na kalsiyam suna nan jere a kantocin magani na Doha, ana saye ana haɗiya da yaƙinin cewa an sauke haƙƙin ƙashi. Matsayar ta taɓa cinikin magani, amma ba ta kai ga tunanin da ke ciyar da cinikin ba, wato ɗaukar ƙashi a matsayin ginshiƙin kankare da aka zuba sau ɗaya ya daskare, wanda idan ya yi rauni sai a ƙara masa sinadari ta baki. Wannan tunani kuskure ne tun daga tushe, kuma shi ne ya sa birni mai rana kusan duk shekara ya cika da mutanen da jikinsu ke ƙishirwar rana.

Wajen kashi biyu bisa uku na nauyin ƙashi ma'adini ne, haɗin kalsiyam da fosfet da masana ke kira haidiroksiyafatayit, kuma shi ke ba da tauri. Ragowar kuwa ruwa ne da zaruruwan furotin mai suna kolajin, waɗanda ke ba ƙashi ɗan sassaucin da ke hana shi tarwatsewa idan mutum ya yi tsalle ko ya faɗi. A cikin wannan haɗi akwai jijiyoyin jini da jijiyoyin jin zafi, akwai kuma ɓargo, wanda ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Kaso 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana ajiye a ƙashi da haƙora, kuma ajiyar ba a kulle take ba, domin da zarar kalsiyam ya yi ƙasa a jini, wasu ƙananan halittu huɗu da ke maƙale a bayan ƙululun wuya, masu suna faratayirod, sukan aika saƙo a ɗebo daga ƙashi, saboda zuciya da tsoka ba sa iya jira. Jariri yana zuwa duniya da ƙasusuwa wajen 270, su yi ta haɗewa har su koma 206 a jikin baligi. Abin da ke haɗewa, yana zubar da jini, yana ba da bashi yana karɓa, ba a kiransa matacce.

Ƙwayoyin halitta iri uku ne ke gudanar da aikin. Akwai masu rusau, ostiyokilas, da ke narkar da tsohon ƙashi. Akwai magina, ostiyobilas, da ke shimfiɗa sabon kolajin su ɗora masa ma'adini. Sai kuma ostiyosayit, waɗanda su ne mafiya yawa, magina ne da aikinsu ya binne su a cikin ƙashin, suka zauna suna jin inda nauyi ke dannawa suna sanar da sauran. Da wannan rusau da gini ake sabunta kusan kaso 10 cikin 100 na ƙwarangwal ɗin baligi a shekara. Idan har sai an yi kwatance, ƙashi ya fi kama da soron laka, wanda ke tsayuwa shekaru aru-aru muddin ana yi masa yaɓe bayan kowace damina, ya kuma zaizaye idan masu gida suka yi sakaci. Abin lura shi ne maginan nan ba sa aiki don an tara musu kaya. Suna aiki ne a inda aka nuna musu ana buƙata. Julius Wolff, likitan fiɗa na Balin, ya bayyana haka tun 1892, cewa ƙashi yana sauya siffa da ƙarfi gwargwadon nauyin da ake aza masa. Hannun da ɗan wasan tanis ke riƙe sanda da shi ya fi ɗayan kaurin ƙashi, kuma 'yan sama jannati, duk da abincin da aka auna musu da kyau, sukan rasa kaso 1 ko fiye na ƙashin ƙugu a kowane wata saboda babu nauyin da ke danna shi.

A nan ne unguwar Mushairib da ke Doha ta shigo maganar. An fara sake gina ta a 2010 a kan hekta 31, ƙarƙashin wani kamfani na Gidauniyar Qatar, da niyyar dawo da tafiya a ƙasa cikin birnin da mota ta cinye: an matse lunguna don gine-gine su yi wa juna inuwa, an tura yawancin motoci ƙarƙashin ƙasa, an yi wa dandalin Baraha rumfar da ake buɗewa a rufe, kuma tun 2019 layuka uku na jirgin ƙasan birni suna haɗuwa a tasharta. Wannan abin yabo ne, amma mai lura zai ga yadda da yawa ke amfani da wurin: a sauka daga mota a ƙarƙashin ƙasa, a hau lif, a zauna bayan gilashi cikin sanyin na'ura, a koma ta hanyar da aka zo. Gilashi yana tare ainihin nau'in hasken da fata ke buƙata don ƙera bitamin D, wanda hanta da ƙoda ke sarrafawa kafin hanji ya iya tsotsar kalsiyam sosai, kuma mai baƙar fata, kamar Hausawan da ke aiki ko karatu a Doha, yana buƙatar lokaci a rana fiye da mai farar fata. Rahoton da Ma'ajiyar Samfuran Jiki ta Qatar ta fitar a 2017 ya nuna sama da kaso 80 cikin 100 na waɗanda aka auna suna da ƙarancin bitamin D, kuma sama da kaso 80 ba sa motsa jiki ko kuma kaɗan suke yi. Alƙaluman biyu tare suka fito, amma na farko kaɗai aka ɗauka, domin shi ne ake iya sayar wa magani. Ranar Wasanni ta Ƙasa, da ake yi a Talata ta biyu ta Fabrairu tun 2012, yini ɗaya ce, alhali ƙashi kullum yake sauraron nauyi.

Masu cewa zafi ne ya hana su suna fakewa ne da watanni huɗu don su ɓatar da goma sha biyu. Ba wanda ya ce a tsaya a ranar Yuli da tsakar rana, tunda ita kanta gwamnati ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba. Amma daga Nuwamba zuwa Maris yanayin Doha ba ya hana kowa taka ƙasa daga Mushairib zuwa kasuwar Waƙif. Masu ɗora laifin a kan suturar mata su ma sun bar jaki suna dukan taiki. Gidan Radwani, ɗaya daga gidajen tarihi huɗu na unguwar, wanda aka gina a shekarun 1920, ɗakunansa suna kewaye da tsakar gida buɗaɗɗe, irin wanda duk ɗan Kano ko Katsina ya sani, inda mace ke samun rana cikin sirri tana daka, tana wanki, tana jan ruwa. An rushe wannan tsari a Doha, ana kuma rushe shi a sababbin unguwannin Arewa, inda ake rufe fili kaf da kwano da tayil, a ajiye yara gaban waya da lemon kwalba a shekarun da ya kamata su tara ƙashin da za su ci gajiyarsa har tsufa, domin bayan shekara 30 tarin ya ƙare, sai tattali.

Ba a musun cewa mai ƙarancin bitamin D na gaske yana buƙatar magani daga likita, kuma matsayar 2024 ɗin ta ware yara, da masu juna biyu, da tsofaffi, da waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon suga. Sai dai binciken da aka buga a 2022, wanda ya bi mutum sama da 25,000 a Amurka na kimanin shekara 5, ya nuna shan bitamin D kullum bai rage karaya ba a tsakanin jama'ar da ba a zaɓe su don suna da ƙaranci ba, kuma wani da aka yi a Ostireliya, aka buga a 2010, ya gano tsofaffin matan da aka ba babban awo sau ɗaya a shekara sun fi faɗuwa da karaya. Masu tallar ƙwayoyi a Facebook da TikTok ba sa faɗin wannan.

Arewacin Nijeriya ya riga ya sha wannan darasi. An daɗe ana ɗaukar ciwon rikets, wanda ke lanƙwasa ƙafafun yara ko ya mayar da su gwame, a matsayin rashin bitamin D kawai, saboda haka littattafan Turai suka rubuta, kamar yaron da ke yini a ranar Filato yana zaune ne a hazon Landan. Sai a 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka buga sakamakon gwaji a kan yara 123, wanda ya nuna kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci, domin abin da suke samu a abinci kimanin miligiram 200 ne kawai a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa. Daga baya an gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, shi ma ya yi aiki. Yaron Jos yana da rana ba shi da nono, ma'aikacin ofis a Doha yana da nono ba shi da rana ko motsi, amma kwalba iri ɗaya ake miƙa wa dukansu. Hatta masu ɗori na gargajiya sun san karaya da kanta take haɗewa idan an daidaita ta an bar ta, ko da yake wasunsu, da suke ɗaure karan ɗori tamau har jini ya daina gudu, sun jawo an yanke hannuwan yara da dama a asibitocin Arewa, saboda sun manta cewa abin da suke ɗaurewa da jini yake rayuwa.