Garin Gyaran Gira Kada a Rasa Ido

 

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 hankalinmu bai kwanta ba game da takardun da ke akwatin dattijonmu: wasiƙun iyaye, da shaidar gonaki, da rabon gado, kusan duka da ajami. Samarinmu suka duƙufa suna kwafe su cikin kwamfuta, ɗayansu kuma ya rubuta 'yar manhaja wadda za ka ba ta kalma ta nemo maka takardar da take ciki. Sai wani abokinsa, gwani a wannan fanni, ya duba rubutun umarnin manhajar ya ce ya cika tarkace, bari ya tsabtace shi. Ya tarar da jerin lambobin haruffa babu suna, ya ga biyu daga ciki suna fitar da siffa guda, sai ya share ɗaya. Daga ranar, in ka nemi "ƙara" sai ta kawo maka "fara", in ka nemi "ƙasa" ta kawo "fasa".

Ga yadda abin ya faru. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 sun zo da rubutun Magariba, na ruwayar Warshu: fa tana da ɗigo a ƙasa, ƙaf yana da ɗigo ɗaya a sama. A makarantun gwamnati na Sudan kuwa, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf yana da biyu. Ke nan ƙaf ɗinmu, a farkon kalma da tsakiyarta, kamarsa ɗaya da fa ɗin maƙwabtanmu. Wanda bai yi allo ba zai rantse harafi ɗaya ne.

Amma duniyar kwamfuta ba ta ce ɗaya ba ne. A tsarin Unicode, wanda wayoyi da kwamfutoci ke bi, kowane harafi yana da lamba yana da suna. A 2016 aka shigar da fa, da ƙaf, da nun irin namu, kowane da sunansa. Ƙaf ɗin ana kiransa ARABIC LETTER AFRICAN QAF. A 2020 aka ƙaro wasu saboda Hausa, har da ƙaf mai ɗigo uku a sama. Kuma ƙa'idarsu tun 1996 ita ce, sunan da aka raɗa wa harafi ba ya canzawa. Ko an yi kuskure wajen rubuta shi, laƙabi ake ƙara masa, ba a goge shi. To, in baƙi sun kiyaye mana haruffa haka, da wane ido za mu dubi kanmu mu da muke share su?

Ba gyara muke ƙi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Laifin na mutum biyu ne: na farko ya jera lambobi tsirara ba suna, na biyu ya share abin da bai sani ba ba tare da ya tambaya ba. Gyara na gaskiya shi ne a cire lambar a sa sunan. Harshen Python, wanda aka rubuta manhajar da shi, ya yarda a kira harafi da sunansa. In ka kuskure suna, manhaja za ta tsaya ta yi ƙorafi. In ka kuskure lamba, sai ta ba ka wani harafi ta yi shiru, ɓarna ta yi ta tafiya.

Wannan ba sabon ilmi ba ne gare mu. A makarantar allo, kafin yaro ya kai farfaru sai ya ƙoshi da babbaƙu, kuma da suna ake koya masa: ba guje, shin mai ruwa, ɗa mai hannu, kaf lasan, ha kuri. Malam bai taɓa cewa "harafi na goma" ba. Sunan ke hana yaro ruɗewa tsakanin masu kama da juna. Abin da malamanmu suka gane a gindin bishiya shi ne masu manhaja suka dawo kansa.

Masu cewa a rubuta komai da Larabcin da ke kan waya a huta, muna amsa musu: Larabci harshen addininmu ne kuma harshen ƙasarmu, ba mu da gaba da shi. Amma takardar da kaka ya rubuta shaida ce, kuma ba a gyara wa shaida baki. Mutanen da suka ga abin da rikicin ƙasa ya jawo a Nilul Azraƙ a Yulin 2022 bai kamata su yi wasa da takardar da "ƙasa" ke komawa "fasa" a cikinta ba. Dattawan da ke cewa wannan wasan yara ne, su ma muna roƙonsu da girmamawa su sake dubawa: in akwati ya ƙone, abin da yaran suka kwafa shi ne zai rage.

Don haka muna kira da abu uku. Duk harafin ajami da ke cikin manhaja a kira shi da sunansa, a rubuta sunansa na allo a gefe. Kada a share layi ɗaya sai an zaunar da alaramma ya ga harafin da idonsa. Bayan kowane gyara a gwada da kalmomi masu kama, irin su ƙara da fara, a tabbatar ba su haɗe ba.

An mayar da ƙaf ɗinmu mazauninsa, amma sai da aka yi makonni ana bin takardu ɗaya bayan ɗaya.