Takardar malanta daga waje: a tambaya kafin a zuba kuɗi

Jama'a, a Tasawa da Mayahi akwai iyaye da ke sayar da buhunan wake, ko su kwashe kuɗin adashi, don tura yaro karatun malanta Katsina ko Kano. Wasu har Masar. Yaro ya yi shekara 3, ya dawo da takardar NCE, gida ya cika da guɗa. Sai ya je neman aji, a ce masa: ina ekibalans?

Ekibalans ita ce shaidar da hukumomin ilimi na Yamai ke bayarwa cewa takardar waje ta yi daidai da wata tamu ta gida. Kowace ƙasa da mudunta. A Nijar, makarantun horon malamai na ENI, irin na Maraɗi da Tasawa, su ke yaye malaman firamare da takardar CFEEN. Ƙasashe masu Faransanci suna da hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968, mai tantance takardun manyan makarantu. Najeriya ba ta cikinta. Can ma mai NCE sai ya yi rajista da hukumar TRCN kafin a kira shi cikakken malami.

Me ya sa ake tsanantawa? Saboda jabu ta shiga kasuwa. A Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako 6. Mu ma ba mu manta da jarrabawar malamai 'yan kwantaragi ta 2017 ba, inda kusan kashi ɗaya cikin uku kawai suka samu matsakaicin maki.

Amma laifin wasu bai kamata ya hau kan mai gaskiya ba. Dokar sake gina ƙasa ta Maris 2025 ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki, tare da Faransanci. To, wa zai koyar da shi a kolejojin karkara in ba waɗannan yara ba? Ya dace hukuma ta buɗe wurin karɓar takardu a Maraɗi, ta bayyana kuɗin da ake biya da wa'adin amsa.

Alhaji, Hajiya, ku ma da naku aikin. Kafin yaro ya tafi, a je ofishin sufeton makarantu a tambaya ko Nijar ta san makarantar. A adana takardar bak ko bireve, da makin kowace shekara, da rasidai. A guji dillalin da ke alkawarin digiri kafin kaka.

Ba wadda ke sayen atamfa a cikin duhu. Karatun ɗa ma a ɗaga shi a rana, a duba, sannan a biya.